Babin da Na Ƙi Cirewa

Na haura shekara arba'in lokacin da na fara digirin digirgir a wata jami'a da ke unguwar Bloomsbury. Kafin nan lissafi nake koyarwa a wata sakandare a unguwar Edmonton, inda muke zaune da maigidana. Duk ɗaliban ɗakinmu na girme su, kuma ni kaɗai ke tashi tsakiyar aiki in je in yi azahar.

Bincikena a kan ƙananan taurarin ɗan'adam ne guda uku, waɗanda ake so su riƙa zagaya duniya tare, kowanne da tazarar da aka yanke masa daga ɗan'uwansa. Matsalar ita ce ba sa zama inda aka ajiye su. A hankali suke zamewa, sai an ƙona ɗan mai an mai da su. Tankin kowanne kuwa ƙarami ne, kuma babu mai hawa can ya ƙara masa. Ranar da man ɗaya ya ƙare, aikin ukun ya tsaya.

Yadda aka saba, mutane ne a ƙasa ke lura da su suna aika umarni. Ni kuwa a babi na huɗu na kundina na ce a bar su su shirya tsakaninsu. Su riƙa gaya wa juna inda suke da abin da ya rage musu, wanda ya fi mai shi zai motsa. Kuma ba kowace 'yar zamewa za a gyara ba, don wata da kanta take komawa idan sun kammala zagaye.

Wata Laraba wani injiniya ya zo daga kamfanin da ke ƙera irin waɗannan taurari, ya saurari ɗalibai ɗaya bayan ɗaya. Da na gama nawa bayanin sai ya yi murmushi ya ce, "Lissafinki ya yi kyau a kan allo, irin na malaman makaranta. Amma babu wanda zai saki na'urarsa ta riƙa yanke wa kanta hukunci."

Washegari farfesan da ke duba aikina ya kira ni ofishinsa. Mutumin kirki ne, ba ya son rigima.

Ya ce, "Ki cire babin nan, ki mai da shi shafi biyu a ƙarshe. So nake ki gama lafiya."

Na ce, "Farfesa, ka ga kuskure a ciki?"

"Ban gani ba."

"To ba zan cire ba. Ka ba ni teburin gwaji."

Teburin yana ƙasan ginin, wani faffaɗan dutse ne mai santsi. Ana ɗora masa na'urori uku da ke shawagi a kan iska, kowacce da 'yar kwalbar iska a madadin mai. Sau biyu ina yin booking ana yin cancel, a na uku na samu safiyar Juma'a. Na saka manhajata na sake su. Ba a yi minti goma ba biyu suka doshi juna suka yi karo. Ƙarar ba ta da yawa, amma duk wanda ke ɗakin ya ji.

Laifina ne. Saƙon da suke aika wa juna yana ɗan makara a hanya, ban saka wannan a lissafi ba. Kowacce ta ɗauka ita ta fi iska, suka motsa lokaci guda. Da ƙafata na hau sama na gaya wa farfesa kafin wani ya kai masa.

Da na koma gida na tarar da maigidana ya dafa shinkafa. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Malama, ko dai ki bi shawarar mutumin nan? Ba abin kunya ba ne."

Na ce, "Malam, da ra'ayin ne ya faɗi da na bi. Layi uku ne na manta ban rubuta ba."

Ashe sun fi uku. Mako huɗu na yi ina gyara, mafi yawa a cikin jirgin ƙasa na Overground, littafi a kan cinya. Na sa dole ɗaya ta nemi izini, sauran biyun su amsa, kafin ta motsa. A gwaji na biyu suka riƙe tazararsu har lokaci ya cika. Da muka auna kwalaben, iskar da ta rage ta fi ta tsohuwar hanya, kuma kusan daidai take a duka ukun. Na aika wa injiniyan hoton bidiyon. Amsarsa layi ɗaya ce, wai tebur daban, sama daban.

A wannan kam yana da gaskiya, ban musa masa ba. Amma babin ya zauna yadda yake. Ranar kare kundina a kansa masu jarrabawa suka fi daɗewa, kuma gyaran da suka nema shi ne in ƙara labarin karon nan dalla-dalla. Na ƙara.

Har yau manhajar ba ta je sama ba. Sau biyu ina neman a gwada ta a kan taurari na gaske ana ƙi. Takarda ta uku na aika ranar Litinin da ta wuce.