Rabon Gonarmu ta Fammar

Har yau in na tuna rabon gonarmu ta Fammar sai in ji zuciyata tana tafasa. Gonar kakanmu ce, mahaifinmu da ƙanensa suke nomawa tare. Da mahaifinmu ya rasu, Baffa ya ce a raba, kowa ya san nasa. Lokacin shari'a ta shigo, ko'ina ka juya zancen adalci ake, muka ce to madalla.

Inna, mahaifiyarmu, abu ɗaya ne a ranta: ɗorawar da ke can ƙarshen gonar, ta ɓangaren da muke nomawa. Da kalwarta take yin daddawa, da daddawar take riƙe gidan.

Ranar rabo mai unguwa ya zo da dattawa da doguwar igiya. Aka ja ta a bakin hanya daga wannan iyaka zuwa waccan, aka ninka ta biyu, inda ninkin ya faɗa aka kafa turke. Wannan kam daidai ne, tsakiya ce sak. Sai kawai wani dattijo, abokin hirar Baffa, ya tashi daga turken ya nausa cikin gona yana jan ƙafa, ana bin sawunsa ana dasa gamba. Tafiyar nan kuwa sai karkata take, tana cin ɓangarenmu, kowa yana kallo.

Ni lissafi nake koyarwa a Rano. Kullum ina gaya wa ɗalibai samun tsakiyar layi rabin aiki ne, dole wanda zai ratsa shi ya miƙe, kada ya kwanta hagu ko dama. Na kasa haƙuri.

"Baffa, a ninka igiyar a can ƙarshen ma mana, sai a ja daga turke zuwa turke."

"Ke, nan ba aji ba ne. Kin ga an ninka igiya ko ba ki gani ba?"

"Na gani, Baffa, amma gefe ɗaya aka auna."

Mai unguwa ya ce, "Malama, haka muka taso muka ga ana yi. Ki bar manya su gama."

Manya! Manyan da igiya ke hannunsu amma suka koma awo da ƙafa? Inna ta ja mayafina ta baya, ta ce, "Rufa min asiri ki yi shiru." Na ja da baya. Gamban ya kewaye ɗorawar ya bar wa Baffa ita, aka shafa fatiha, har da yi wa juna barka. Ko kunya babu!

Da ɗorawar ta nuna, matar Baffa ta shigo da kalwa a ɗan kwano, wai ga wannan Inna ta ɗan taɓa. Na ce ta koma da tsiyarsu, ba ma so. Inna ta harare ni, ta sa hannu biyu ta karɓa, ta ce a gaida Baffa, an gode. Sannan ta hura wuta, don kasuwar Kibiya ta kusa ci, kuma tukunyarta babu komai.