Yadda Nasara Ya Auna Hankalin Kakata

Ni dai ban taɓa zama mai kaifin kai ba. Gara in faɗa tun yanzu, domin har na yi furfura mutanen garinmu suna nuna ni da baki, suna cewa ga wanda Nasara ya zaɓa saboda basira. Nasara ya zaɓe ni, wannan gaskiya ne. Sauran zancen kuwa, bari in warware shi.

Garinmu ɗan ƙauye ne tsakanin Bande da Dungas, noman gero da gyaɗa da ɗan kiwo. Ubana ya rasu ina rarrafe, uwata ta sake aure can wajen Sassumbrum, aka bar ni a hannun kakata ta wajen uba. Mu biyu ne a gidan, sai awaki huɗu da kaji. “Maigida” take kirana, yadda kakanni ke tsokanar jikoki, ni kuwa in ce ba na son mata marar haƙori. Daddawa take yi tana kai wa kasuwa. Halinta ɗaya ne, kuma shi ya ja mana: Kaka ba ta yin aiki rabi. In ta share tsakar gida, tururuwa ma sai ta sake hanya.

A zamanin nan ba wanda ke kai ɗansa lakwal da son rai, wato makarantar Nasara da ke Magariya. Kwamandan, Nasaran da ke mulkin yankin, shi ke aiko wa maigari cewa a ba da yaro ɗaya, maigari ya duba gidan da ba mai faɗa a ji, ya kama. Yaron da aka ɗauka ya bar gona, ya bar kiwo, sai lokacin hutu a gan shi da gajeren wando. To, wata shekara ana cikin cirar gyaɗa sai labari ya canza. Aka ce wani Nasara ya zo daga Damagaram, shi ba kwamandan ba, ba likita ba, aikinsa auna hankalin yara kamar yadda ake auna gero da tiya. Gari-gari yake bi. Wanda ya fi kai a kowane gari, shi za a tafi da shi.

Ga yadda yake yi. Yana da takardu masu kauri guda ashirin, kowace da zane biyu. A yi wa yaro tambaya, ya nuna ɗaya da yatsa. In ya dace, Nasara ya ja sanda a littafinsa. In ya kuskure, ya zana wani abu kewayayye, mutane suka sa masa suna ƙwai. Mai sanda da yawa ya tafi Magariya, mai ƙwai da yawa ya koma wurin uwarsa. Kuma a fili ake yi, gindin itace, duk gari na tsaye yana leƙe.

Da Kaka ta ji haka sai ta ɗauki kwandon daddawa. Mako uku tana bin kasuwanni, Bande, Sassumbrum, har Magariya, a ƙasa, da tsufanta. Duk matar da aka auna ɗanta, Kaka ta ƙara mata gyara ta ja ta gefe: wane zane aka nuna, me aka tambaya, wanne ya kawo sanda, wanne ya kawo ƙwai? In mata biyu suka saɓa, sai ta nemi ta uku. Ranar da ta dawo daga kasuwar ƙarshe, takardun nan ashirin duk suna cikin kanta, ita da ba ta taɓa ganin ko guda ba.

Ta ɗauki gawayi ta zana su a jikin rumbu. Saniyarta ta fi kama da turmi mai ƙafafu, amma haka nan muka yi karatun. Kullum in na dawo da awaki sai ta tsayar da ni, muciya a hannu.

“Maigida, ga gida biyu. Wanne ne mutane ke ciki?”

In nuna wanda ke kawo ƙwai, ta ce madalla. In na ruɗe na nuna na daidai, sai in ji ƙwas a tsakiyar kai.

“Kai, ɗan nema! So kake ka bar ni da awaki? Sake!”

Ina jin ni kaɗai ne yaron da aka taɓa duka a ƙasar Damagaram don ya ba da amsa daidai. Ta koya mini sakin baki, da kallon sama, da ƙyale ƙuda ya sauka a hanci ban kore shi ba. Wannan ɓangaren bai ba ni wuya ba ko kaɗan.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, sa'ana. Kullum muna musu, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Shi ne mai kai na gaskiya a garinmu. In ya dubi sawu a rairayi zai gaya maka saniyar wane gida ce ta wuce, da ko tana da ciki. Kuma shi lakwal ɗin yake so, ido rufe, tun ranar da ya ga wani yaro a kasuwar Magariya ya duba takarda ya faɗi abin da wani mutum da ke Kano ya ce. Kawu na da ƴaƴa maza shida, bai damu ba. Na tausaya masa, na ce ya zo bayan rumbu in nuna masa amsoshin, shi ya bi na daidai, ni in bi na kuskure, kowa ya sami abin da yake so.

Ya dube ni sheƙeƙe. “Bawana, ni zan ci da kan tsohuwa? Riƙe abinka. Da kaina zan ci.”

Ranar ta zo. Aka shimfiɗa tabarma a gindin tsamiyar da ke ƙofar gidanmu, aka kafa wa Nasara kujera. Ɗan siriri ne, jajur, yana ta share wuya da ƙyalle. Tare da shi akwai malamin lakwal, wani dogon baƙin mutum daga can kudu bakin teku, mai jin Hausa da karkataccen harshe. Shi ke yin tafinta. Yara suka shiga ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tashi da abin da Allah ya ba shi, wani sanda takwas, wani goma sha ɗaya.

Aka kira taubashina, ya zauna yana murmushi. Aka nuna masa gida biyu, ɗaya hayaƙi na fita ta saman rufinsa, ɗaya babu. Wanne ne mutane ke ciki? Ya nuna marar hayaƙin, ya ce wancan ai gobara ce, masu gidan sun fice. Nasara ya zana ƙwai. Aka nuna mutum biyu cikin ruwan sama, ɗaya ya buɗe laima ya nufi gida, ɗaya yana tsaye a fili. Wanne ne mai hankali? Ya nuna na filin, ya ce ruwa ya sauka, shuka zai yi, wancan mai laimar zai ci ƙaniyarsa da rani. Ƙwai. Aka nuna shanu biyu, ɗaya ba wutsiya, ɗaya ba ƙaho. Wacce ce ta rasa wani abu?

“Duka biyun,” in ji shi. “Ba mai tozo.”

Manyan gari suka gyaɗa kai, don gaskiya ya faɗa. Malam ya ce dole ya zaɓi ɗaya. Ya zaɓi marar ƙaho, ya ce wutsiya kura na iya cirewa. Ashe a ƙasar Nasara akwai shanun da haka Allah ya yi su ba ƙaho. Ƙwai. Ya tashi da sanda tara, fuskarsa kamar an aiko masa da mutuwa.

Sai ni. Na saki baki, na kalli sama. Takarda ta farko, ƙwai. Ta biyu, ƙwai. Ban yi gaggawa ba, ban yi jinkiri ba, yatsana na tafiya kamar akuyar da ta san hanyar gida. Ina hango Kaka a cikin mata, ta harɗe hannu, leɓenta na motsi tana ƙirgawa. Da aka ajiye ta ashirin, ƙwai ashirin ne reras a littafin, ko sanda ɗaya ba ta ɓata layin ba. Nasara ya dube ni da tausayi, ya yi mini hannu in tafi. Na miƙe, daɗi kamar ya kashe ni.

“Dakata, yaro,” in ji malam.

Ya sunkuya ya yi wa Nasara magana da harshensu, doguwa. Nasara ya ɗaga gira. Sai malam ya waiga, ya ga wata kaza wake-wake tana tono a gefen tabarma. Kazar Kaka ce. Ya sa aka kamo ta, ya nemi ɗan gero. Kowace takarda ya ajiye ƙwaya ɗaya a kan zanen dama, ɗaya a kan na hagu, ya karanta wa kaza tambaya da ladabi, ya sake ta. Wadda ta fara tsinta ita ce amsarta. Gari ya ɗauki dariya. Kaza ta yi jarrabawarta tsaf, ta tashi da sanda tara, kunnen doki da taubashina. Har ya tsufa ban bar shi ya manta wannan ba.

Malam ya juyo ga jama'a. “Kun gani? Kaza ba ta san komai ba, amma da yake abu biyu ne, ta dace a kusan rabi. Makaho ma haka zai yi. Wanda ya kauce wa daidai sau ashirin bai taka ko sau ɗaya ba, ya san inda daidai ɗin yake sau ashirin.” Ya dafa kaina. “Wannan shi ne yaronmu.”

Dariyar ta mutu.

Kaka ta keto mata ta fito, zanenta na ja a ƙasa. Ba ta taɓa magana a gaban taron maza ba sai ran nan.

“Malam, ka ji tsoron Allah. Yaron nan awakinsa huɗu, kullum sai ya dawo da uku. Ni na koya masa. Ni na bi kasuwanni na tattaro abin nan, ga shi can a jikin rumbu, ku je ku gani. Ga mai kai can, ɗan kawunsa, shi yake so, ubansa ya yarda. Ku ɗauke shi ku bar mini nawa, shi ke nan gare ni.”

Malam ya fassara. Nasara ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce wani abu, ya rufe littafi. Da malam ya zo mayarwa, na lura bai iya haɗa ido da ita ba.

“Iya, ya ce duk garin da ya je, kowace kaka cewa take jikanta dolo ne. Ya ce shi abin da ke rubuce yake bi.” Ya rage murya. “Ni na yarda da ke. Da ana ɗaukar tsofaffi, wallahi ke za mu ɗauka. Da kin bar masa ko bakwai ya ci, da ba wanda ya waiwaye shi.”

Kaka ta tsaya tana kallonsa. Bakwai. Ita da ba ta taɓa barin tsakuwa ɗaya a cikin kalwa ba.

A Magariya shekara biyu malam na jiran basirar nan ta fito, ba ta fito ba. Kullum ni ne na ƙarshe a aji ko na kusa da shi, na dai lallaɓa na gama da ƙyar. Taubashina kuwa, hutuna na farko ya karɓi littafina ya tafi da shi kiwo, kafin in koma yana karantawa ya fi ni, yana gyara mini kuskure yana cewa bawa ba ya wuce ubangijinsa. Bai taɓa zama a benci ba. Abin yana mini ciwo har yau, kuma shi ma na san ya yi masa, ko da yake da wasa muka rufe shi.

Amma safiyar tafiyar ce ba ta barin raina. An ba mu kwana uku mu shirya. Kaka ba ta yi kuka ba, ta dai jiƙa tsumma ta goge zanen nan na jikin rumbu har sai da ƙasar ta fara zuba. Ran na uku da hantsi na ji ƙamshi na tashi daga madafa. Ta sa an yanka kaza wake-waken, ta soya ta ƙayau, ta naɗe a ganye ta cusa cikin ƙunshin kayana.

“Ita ma ta je lakwal ɗin,” in ji ta, “tunda ta iya.”

Ta raka ni har ƙarshen gonakin gyaɗa, inda gardin kwamandan, wato dogarinsa, ke jira a kan doki. Ta gyara mini wuyan riga, ta sake gyarawa, alhali ba abin da ya same shi.

“Maigida,” ta ce, “ba Nasara ya ɗauke ka ba. Ni na kai ka da hannuna.”

Ta juya ta kama hanyar gida, ba ta waiwayo ba. Na ci kazar a hanya ina kuka, tun daga cinya har wuya, kuma ban taɓa cin nama mai daɗinta ba, don Kaka ba ta yin aiki rabi.