Inabin Yayana a Fadamar Kafur

Ko na manta da sunana, ba zan manta da ranar da yayana ya tara mutanen Kafur cin inabi ba. A zamanin nan ayari yana tashi daga Katsina zuwa Tarabulus. Shi kuwa sau ɗaya tak ya bi su yana jan raƙuman wani, amma ya dawo da jar dara da Larabcin da bai wuce gaisuwa ba. Tuwon dawar da ya girma da shi ma sai ya yatsina fuska kafin ya ci.

Ya zo da wasu ƙwayoyi ƙunshe a tsumma. Wai irin wani baƙin inabi ne da Nasaran ƙetaren teku ke kira fino, wanda ke fitowa a kwaruruwa masu sanyi. Suna matse shi su yi giya, har da kurɓa ɗaya sukan gane gangaren da aka tsinko shi.

"Mu ba giya za mu yi ba, Allah ya kiyaye," in ji shi. "Ci za a yi, sarakuna su riƙa aikowa nema."

Na ce, "Yaya, kai da bakinka ka ce ɗan sanyi ne. Ina sanyin a nan?"

"Fadama ba sanyi gare ta ba? Kai dai ba ka taɓa wuce Malumfashi ba."

Fadamar nan gadon ubanmu ce, rakenta ke riƙe da gidansa da nawa. Amma babban wa uba ne, na ƙyale shi ya tuge raken tas, ya shuka ƙwayoyinsa. Shekaru muka yi ana wahalar banza. Damina ta ruɓar da ganye, bazara ta ƙone saura. Ya kafa wa itacen rumfar zana kamar mai jego, yana shayar da shi ruwan randa. Ni kuwa ina ƙwadago a gonakin mutane don 'ya'yana su ci.

Da abin ya yi 'ya'ya, 'yan ƙanƙana masu taurin ɓawo, sai ya gayyato mai gari da liman da dattawa, ya zuba a akushi. Liman ya yi bisimilla ya tauna ɗaya. Fuskarsa ta tattare, ido ya kawo ruwa, don kunya ya ce, "Masha Allahu, yana da ƙarfi." Mai gari kuwa tofarwa ya yi.

"Malam, tsamiya ka sake wa suna?"

Dariya ta ɓarke. Yayana ya ce harshenmu ne na ƙauye, ya dumbuza ya cika baki yana haɗiya da ƙyar, yana cewa haka manya ke son sa. Haƙoransa suka mutu, ya yi kwanaki kunu kawai yake sha. Sauran da ke bisa itace ko biran da suka addabi gonakinmu ba su taɓa ba. Kafin damina ya kwashe iyalinsa ya yi Zariya, don yara sun fara yi masa waƙa.

Tun daga ranar na san iri shi kaɗai ba ya kawo zaƙi, ƙasa da ruwa da iskar wuri ne ke ba shi. Wanda kuma ya raina ƙasar da ta ciyar da shi, tsami za ta mayar masa.