Baƙuwar da Ta Zo Sauraron Zuciyar Amira

Jiya da hantsi ina shanya kayan Amira na ji sallama daga zaure. Sai da matar ta zauna na gane ta. Gadonmu na kusa da juna a asibitin da aka yi wa jariranmu aikin zuciya. An toshe wa Amira tawa hujin da ke zuciyarta, yanzu tana shan nono ba haki. Nata ɗan bai farfaɗo ba.

Ban taɓa gaya mata unguwarmu ba. Gidanmu kuwa can cikin lungunan birni yake, ɗan acaɓa ma sai ya yi ta tambaya.

Ta ce, "Maman Amira, ba daɗewa zan yi ba. Ki bar ni in saurara."

Na miƙa mata yarinyar, ta ɗaga mata riga, ta kwantar da kunne kan tabon ɗinkin. Amira mai ƙyuya ko motsi ba ta yi ba.

Can ta ɗago ta ce, "Wannan bugun nake ji kullum a ɗakina. Na zo ne in tabbatar ko nata ne."

Ta shafa kan Amira ta tafi, ko ruwa ba ta sha ba.

Tausayinta nake ji, amma har yanzu jikina a sanyaye yake. Iyaye mata, in ta dawo, in sake miƙa mata ita?