Bel ɗin Injin Ƙanin Mijina

Edita, ina gaishe ku da aiki. A lokacin da wannan abu ya same ni, ni mace ce mai faɗa wadda ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba. Muna zaune a wani gari kusa da Tudun Wada, mijina ya manyanta, ciwon ƙafa ya raba shi da gona, don haka ni ce mai fita nema. Aikina sheƙa a injin casar shinkafa. Matan gari su guma shanshera a gida, su shanya, su aiko da ita. Inji ya cire ɓuntu, mu kuma mu sheƙe, mu bakace, mu ɗura a buhu. Al'adar wurin ita ce, tsakin shinkafa da duk abin da ya zube a ƙarƙashin inji namu ne, mu share mu raba. Da wannan shara na riƙe gidana shekara da shekaru. Da yake na fi kowa daɗewa a wurin, kuma bakina ba ya mutuwa, sai na zama babbar masu sheƙa ba tare da kowa ya naɗa ni ba.

Mai injin ƙanin mijina ne, ɗan baffansa, Alhaji ne mai rufin asiri. Kun san wasan da ke tsakanin mace da ƙanin miji. In ya shigo sai ya ce ga tsohuwar matarsa nan da ya rasa yadda zai yi da ita, ni kuma in ce masa ko a kyauta aka ba ni shi sai na nemi ciko. Haka muke, kuma ba mugun mutum ba ne, wannan zan faɗa ko a gaban wa.

Injin irin mai shan gas ne da ake tayarwa da hannu, kuma wani dogon bel ne yake haɗa shi da abin casar. Da aka kawo shi sabo, bel ɗin yana cikin murfi na ragar ƙarfe, ko yatsa ba ya shiga. Da tafiya ta yi tafiya bel ya tsufa ya saki, ya riƙa zamewa. Duk zamewa sai direban inji ya kashe, ya kwance murfi, ya mayar da bel, ya ɗaure, sannan ya sake fama da tayarwa yana haɗa gumi. Rannan ya gaji ya cire murfin gaba ɗaya, ya koma tura bel da sanda alhali inji yana gudu. A nan nawa laifin ya shigo. Ranar jajibirin kasuwa buhuna kan taru har bakin ƙofa, in na ga ya nufi kashe inji ni ce mai daka masa tsawa, in ce ba kwana muka zo yi ba. Akwai ranar da bel ya fizge mayafin wata yarinya mai sheƙa ya yi kaca-kaca da shi. Maimakon in tsaya a kan a mayar da murfi, ita na rufe da faɗa, na ce ba ta da nutsuwa. Muka yi mata Allah ya kiyaye gaba, aka ci gaba da aiki.

Nawa tsautsayin ya zo da kaka, shi ma jajibirin kasuwa, da hantsi. Na hango tsaki ya taru a ƙarƙashin bel, na ce bari in share kafin a tattake shi. Na sunkuya da tsintsiya kamar yadda na saba. Sai na ji an ja wuyana. Gefen hijabina ne ya shiga. Na kai hannun dama don in fizgo shi, hannun ya bi hijabin. Ban tuna zafi ba a lokacin, abin da na tuna shi ne ƙarar injin ta canja, da fuskar direban yana lalubar wurin kashewa. A asibiti na farfaɗo sosai. Yatsu uku sun tafi, wuyan hannu ya karye, amma wuyana ya tsira saboda hijabin tsoho ne, ya yage.

'Yan dubiya suka yi ta zuwa, kowa maganarsa ɗaya: ƙaddara ce, a yi haƙuri. Na karɓa, don ni ma na yi imani da ƙaddara. Alhaji ya ɗauki nauyin magani, ya aiko da buhun shinkafa. Da ya zo duba ni idonsa ya yi ja, amma bai bar halinsa ba, ya ce yanzu kam ya huta da marina. Na yi dariya, don a lokacin na ɗauka maganar ta ƙare a kaina.

Gida kuwa sai an ci abinci. Babbar 'yata, wadda mijinta ya rasu ta dawo gabanmu da jaririya, ita ta karɓi gurbina a inji. Da na ɗan ji ƙarfi na ce bari in leƙa in gaisa da abokan aiki, hannuna rataye a wuya. Ina shiga na ga bel yana gudu tsirara kamar yadda na bar shi. Na ga 'yata ta sunkuya a daidai inda na sunkuya, da tsintsiya, da goyo a bayanta. Bakin majanyi yana lilo, ƙafar jaririyar ta leƙo waje. Ban san lokacin da na damƙi kafaɗarta da hannun hagu na jawo ta baya ba. Ta juyo tana tambayata, Inna lafiya. 

Daga ranar na fara neman wanda alhakin murfin nan yake wuyansa, sai na tarar ba shi da mai shi. Direban inji ya ce shi ɗan aiki ne, ya sha faɗa wa Alhaji bel ya mutu, kuma ya tuna mini a hankali cewa ni ce mai hana shi kashewa. Na haɗiye wannan, don gaskiya ya faɗa. Bakaniken da ke zuwa daga Bebeji ya ce shi abin da aka kira shi ya gyara yake gyarawa, ba a taɓa kiransa don murfi ba. Alhaji ya ce shi bai cire komai ba, direba ya cire, kuma ai kowa ya ga abin da ya same ni, yanzu mata za su kula da kansu. Da na matsa sai ya juya abin wasa, ya ce tsohuwar matarsa ta rasa yatsu amma harshe ya ƙaru. Mutanen da ke wurin suka yi dariya. Nan na gane wasan nan da muke yi shi ne zai hana maganata shiga. Duk abin da na faɗa masa, a kunnen jama'a zolayar matar wa ce.

Na ce wa mijina zan kai magana gaban mai gari. Ya ce muddin yana raye ba za a kai ɗan baffansa ƙara daga gidansa ba, mutumin da ya tsaya mana a asibiti. Na ce to in hana 'yarmu zuwa. Ya tambaye ni me za mu ci. Kuma ko na hana tawa, 'ya'yan wasu fa? Kwanaki na yi ina juya abin, 'yata kuwa duk safiya sai ta saɓa goyo ta fita.

A Islamiyyar matan aure na yi wa malaminmu tambaya a gaban kowa, ban ambaci suna ba, ko da yake duk sun san inda na dosa. Na ce wanda abu ya same shi ta hanyar sakacin wani, shin faɗar sakacin ya zama ƙin yarda da ƙaddara? Malam ya ce a'a. Ya ce wanda ya haƙa rami a hanyar mutane ya bar shi a buɗe, in wani ya faɗa, ƙaddara ce ga wanda ya faɗa, amma mai ramin yana da abin da zai amsa. Ya ƙara da cewa wanda ya gani ya yi shiru shi ma ba a wanke shi ba. Na ce a raina, wannan ta ƙarshen tawa ce.

Na tambayi direban inda murfin yake. Ya yi ta kame-kame, daga baya ya ce yana gidansa. Na je na tarar matarsa ta kifa shi a tsakar gida, ta mai da shi akurkin 'yan tsaki don kada shirwa ta ɗauke su. Na tsaya ina kallon 'yan kajin nan suna yawo lafiya lau a cikin raga. Na ce mata, 'yar nan, kajinki sun fi jikata gata. Kunya ta kama ta, ita da kanta ta kwashe su, ta wanke murfin, ta ɗora mini a ka.

Ban kai shi inji ba, don na san ko an ɗaura, bel na zamewa sau biyu za a sake cirewa. Da shi a kaina na bi gidajen matan da ke gumi, gida-gida. Su ne masu kawo wa injin aiki, amma yawancinsu ba sa fita, yara suke aikowa, ba su taɓa ganin bel ɗin da idonsu ba. Duk gidan da na shiga sai in sauke murfin a tsakar gida, in kwance ƙyallen hannuna in nuna musu. Ban zagi kowa ba, ban ce a ƙaurace wa Alhaji ba. Na ce musu kawai, 'ya'yanku da kuke aikowa da shanshera a gefen abin da ya yi mini wannan suke tsayawa jiran layi. Wata dattijuwa da ta fi kowa yawan gumi ta daɗe tana kallon hannun, sannan ta ce a wannan makon tata shinkafar injin garin Ƙofa za ta tafi, ko da kuɗin mota zai cinye ribar. Sauran suka bi ta.

Jajibirin kasuwa ya zo, inji shiru. Bayan la'asar sai ga Alhaji a gidanmu. Ya gaida yayansa, sannan ya juyo gare ni da murmushi, ya fara cewa tsohuwar matarsa ta tayar masa da yaƙi. Na tare shi.

“Alhaji, yau ba matar yayanka ce ke magana ba. Uwar wadda ke shara a ƙarƙashin bel ɗinka ce. Ni na hana a kashe inji, na biya da hannuna. Kai da ka ƙi sayen bel, da me za ka biya? Da jikata?”

Murmushin ya ɗauke. Ya dubi mijina yana jiran ya tsawata mini, mijina ya sunkuyar da kai yana jan carbi.  Can Alhaji ya ce, “Yaya, ina murfin?” Tun da aka kawo ni gidan nan bai taɓa kirana Yaya ba sai ranar. Na nuna masa shi jingine da rumbu. Da kansa ya ɗauka, da babbar rigarsa da komai, ya fita da shi.

Washegari bai buɗe inji ba, ya tafi Kano ya sayo sabon bel. Mai walda ya yi wa murfin ƙofa mai sakata, yadda za a iya buɗewa ba sai an kwance shi duka ba. Mu ma masu sheƙa muka yi tamu dokar: ba mai shara sai inji ya tsaya cik, kuma duk mai shiga ta ɗaure hijabinta a ƙugu, mai goyo kuma aikinta a waje. Da farko wasu sun yi gunaguni cewa za a tattake tsaki. Sai direba ya shimfiɗa tsohon buhu a ƙarƙashin injin, ya zamana abin da muke samu ya fi na da tsabta. Matan gumi suka dawo da shinkafarsu. Har masu inji na Kiru da Doguwa, in sun zo kasuwa, wasu kan leƙo su ga yadda aka yi ƙofar.

Ni dai sheƙa ta gagare ni, faifai ba ya zama a hannu ɗaya. Zaman gida ya sa na shiga ajin yaƙi da jahilci, na koyi riƙe alƙalami da hagu, da shi nake rubuto muku wannan. A ajin ne malamarmu ta gaya mana cewa har a dokar ƙasa, rufe irin wannan wuri wajibi ne a kan mai inji, ba alfarma yake yi wa kowa ba. Da na san haka tun farko, da ban tsaya neman mai laifi daga wannan zuwa wancan ba.

Abin da na koya shi ne, nauyin farko yana kan mai inji, don shi ke da ikon saye da ikon cewa a tsaya. Amma direban da ya cire, da bakaniken da ya gani ya wuce, da irina mai ihun a yi sauri, kowa ya sa hannu. Yarinyar da bel ya cinye wa mayafi na neme ta har gidan aurenta na roƙi gafara, ta yafe mini.

'Yan'uwana mata masu zuwa injin niƙa da na markaɗe da na casa, ku dubi bel kafin ku dubi layi. In kun gan shi a buɗe ku yi magana a ranar, ko mai injin ɗan'uwanku ne, ko surukinku, ko mai taimakonku. Kada ku jira sai kuna da hannu irin nawa da za ku nuna kafin a saurare ku. Masu inji kuma, ku tuna wadda ke sunkuye a gefen ƙarfenku akwai masu jiran ta dawo gida. Tawa 'yar tana dawowa kullum da yamma, da ƙurar ɓuntu har gira, da yatsunta goma.