Na Cire Yana, Bature Ya Sha Addu'a

Na daɗe ina aikin ido kafin na haɗa tawagar da muka tsallaka Jamhuriyar Benin. Mu bakwai ne daga Bagudo, duk aikin sa-kai. Ni ne shugaban tafiya, ni ne kuma mai cire yanar ido. Tafintanmu taubashina ne, ɗan gwaggona da ta yi aure a Kende. Dangin ubansa Dandawa ne, harshen Dendi a bakinsa kamar ruwa, ga ɗan Faransancin kasuwa. Tare muka tashi, kwano ɗaya. In da za a ce in rufe ido in bi mutum, shi zan bi.

Na takwas ɗinmu Bature ne, wani dattijo mai fara'a da masu ba mu kayan aiki suka haɗo mu da shi don ya ɗauki hotuna. Ko jini bai iya kallo.

Mako guda kafin tafiya na tura taubashin nawa ya yi shela a ƙauyen da za mu sauka. Ranar kasuwar Lolo muka ƙetara, kaya a kan babura. Da muka isa makarantar da aka ba mu, sai ga mutane maƙil, tsofaffi riƙe da sanduna, 'ya'yansu na ja musu gora. Na ce a raina lalle mutumin nan ya iya shela. Maigari ya taso, na miƙa hannu, ya wuce ni ya kama hannun Bature. Shi aka fara miƙa wa ƙwaryar fura. Na yi dariya na ce baƙo ne, ai dole.

Wadda aka fara shigowa da ita wata tsohuwa ce, 'yarta na riƙe da ita. Idon dama ya riga ya mutu. Na hagu kuma yanar ido ta rufe shi, ta nuna har ta wuce, in aka ƙara jinkiri shi ma zai bi ɗan'uwansa. Na durƙusa na ce, "Inna, sannu da ƙoƙari. Yau in Allah Ya yarda za ki ga ɗiyarki."

Ta janye kanta. "Wa na wanga? Ni Anasara aka ce min. Ido guda gare ni, ba ni ba baƙin mutum shi koyi aiki."

Na ja taubashina bayan aji na tambaye shi abin da ya faɗa wa mutane.

"Cewa na yi likitan Turai ka zuwa."

"Ni fa?"

"Kai mai taimaka mai." Ko kunya bai ji ba, har da murmushinsa na wasan taubasai. "Haba likita, mi kake so in yi? In na ce ɗan Bagudo ne, wa za ya baro gonarshi? Mutanen ga sun sha wuya hannun masu tsokane ido a kasuwa."

Akwai gaskiya a maganarsa, amma ba ita ta dame ni ba. Mako guda yana riƙe da wannan magana, muna waya kullum, bai ga na kai ya shawarce ni ba. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ashe har dabara ya tanada. In za a yi aikin yana, ana lulluɓe fuskar mutum da ƙyalle, ido kaɗai ake bari a buɗe, shi ma fitila ta dalle shi. Murya kawai marar lafiya ke ji. Don haka Bature zai sa farar rigata ya gaishe ta da Turanci, a lulluɓe ta, ni kuma in yi aiki bakina a rufe. Shi Baturen an ce masa gaisuwa ce kawai ta kwantar da hankali.

Na leƙa ta taga. 'Yar ta riga ta ɗaure ƙunshin kayansu, tana jira ta ji ko za su koma gida. Na cire rigata na miƙa wa Bature.

Ni mutum ne mai surutu a wurin aiki. Nakan tambayi tsoho jikokinsa nawa, in tsokane shi da zancen ƙarin aure, har a gama bai sani ba. Ranar ko tari ban yi ba. Na fitar da yanar, na sa sabon gilashi a cikin idon, na rufe da bandeji, ita kuwa tana ta yi wa Anasara addu'a daga ƙarƙashin ƙyalle. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Washegari da safe aka jera su a inuwa don cire bandeji, sauran masu jiran aiki sun kewaye mu suna kallo. Ni na cire mata. Ta ƙifta, ta ƙifta, ta ga 'yarta, ta saki kabbara. Sannan ta hango farar fata, ta rarrafa ta kama hannunsa biyu tana kuka.

A nan Baturen ya gane. Fuskarsa ta yi ja, ya nuna ni da yatsa, ya ce da Turanci shi bai taɓa idonta ba, ga likitan nan, shi ya yi komai. Tsohuwa ta juya ga tafinta.

Na dubi taubashina. Aiki ya riga ya yi kyau, ido ya buɗe, kowa ya shaida. Maganar da aka faɗa kawai zai mayar. Ya dube ni cikin ido, sannan ya ce da Hausa, a gabana, "Inna, cewa ya yi yaronshi ma ya yi ƙoƙari, a sa mai albarka."

In na buɗe baki na ƙaryata shi, ban san nawa cikin masu jira za su tashi su tafi da yanarsu ba. Na sunkuya ina naɗe bandejin. Tsohuwa ta ɗora hannu a kaina, tana kallona da idon da na buɗe mata.

"Allah shi ba ka haƙurin zama da maigidanka, ɗana. Ka riƙa lura da hannunshi, wata rana kai ma ka iya."