Ambulan da Anti Fa'iza Ta Bari a Cikin Littafi

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Litinin, goma sha biyu ga watan Mayu na 2025, da hantsi, Allah Ya yi wa Malama Fa'iza Ɗantani rasuwa a Tudun Wada, bayan jinyar kwana huɗu. An yi mata sutura bayan azahar. Ita ce mai kula da kwamfuta a ofishin ƙungiyar manoman masara ta garinmu, kuma katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nata. Ina tsakar gida ina tankaɗe na jiyo salati ta kan katangar. Na ƙarasa tankaɗen, na rufe garin, sannan na shiga ɗaki na zauna.

Anti Fa'iza, sunana Muhsina kin sani, amma ba ki taɓa kirana da shi ba, sai dai "Hajiyar littafi". Ban iya magana a gaban mutane ba, shi ya sa na rubuta.

A wajenki na fara aron littattafan soyayya, ina aji biyu na ƙaramar sakandare. Idan an tashe mu sai in biya ta ofis, in zauna a kan bencin bayan ƙofa ina karatu, ke kina aiki. Ba kya tambayata komai. Wani lokaci sai ki ce, ba tare da kin ɗago ba, "Ya aure ta ko har yanzu yana tsaye a ƙofar gida?" In ce yana tsaye. Ki ce, "To Allah Ya ba shi kujera."

Daga kan bencin nan na ga aikinki. Lokacin da kika zo, kalmar sirrin manhajar da ke riƙe da sunayen manoma a bayan kalanda take a rubuce, kowa ya san wurin, har mai shara. Wata shekara wani da aka sallama daga aiki ya shiga daga gidansa, ya goge sunayen mutanen garin Burumburum ashirin da wani abu, ya sa na danginsa. Sai ranar rabon iri aka gane, mutane sun taho da buhunansu suka koma haka nan. Ke kika yage bayan kalandar. Kika buɗe wa kowane ma'aikaci nasa akawun, kika ƙara mataki na biyu: bayan kalmar sirri, sai mutum ya shigar da lamba shida da ke fitowa a wayarsa, wadda ba ta cika minti ɗaya take canzawa.

Malam Shitu, shugaban ƙungiya, bai so ba. Ya ce, "Yanzu ni da ofishina sai na nemi izinin waya?"

Kika ce, "Baba, kwaɗo nawa ne a ƙofar sitonka?"

Ya ce, "Biyu."

Kika ce, "To na kwamfuta ma biyu."

Ya yi tsaki ya fita, amma washegari ya kawo wayarsa.

Na kuma ji ranar da wani ya bugo miki, da murya mai laushi irin ta samarin littafi, ya ce daga kamfanin manhajar yake, ki karanto masa lambar da ta fito don su gyara miki wani abu. Kika bari ya gama tsaf. Kika ce, "Malam, masu manhajar ba sa tambayar lambar nan. Ka gaida gida." Kika kashe, kika canza kalmar sirri, kika ci gaba da cin gyaɗarki.

Bara da kaka kika ba ni wani littafi mai koren bango, an manna ƙaramar ambulan a cikin bangon baya. Kika ce, "Wannan ba aro ba ne, ajiya ce. Ke kaɗai ce a garin nan ba kya ninke shafi, ba kya kuma surutu. Ran da ofis ya rikice ba na nan, ki kai." Gaskiya ban saurari ƙarshen maganar sosai ba, idona yana kan ambulan. Na yanke a raina cewa wasiƙa ce da mijinki, Yaya Mujitaba, ya rubuto miki kafin aurenku, kike ɓoyewa don kunya. Wata bakwai ina tsara abin da ke ciki, har baituka na sa masa. Ban buɗe ba.

Kin rasu Litinin. Kamfanin da ke ba ƙungiya irin masara zai rufe karɓar sunaye ranar Juma'a, ruwa kuma ya riga ya sauka sau biyu. Sunayen manoma ɗari shida da 'yan kai, daga nan har Dangora, kin gama shirya su, saura turawa. Daga babban akawun kaɗai ake turawa. Malam Shitu ya san kalmar sirrinsa, amma lambar a wayarki take fitowa. Wayar kuwa mahaifinki, Malam Ɗantani, ya haɗa ta da sauran kayanki a akwati ya kulle tun daren farko. Da Malam Shitu ya roƙe shi bayan addu'ar uku, ya ce, "Shitu, ka fi ni sani. Ba a taɓa kayan mamaci sai an raba gado. Akwai haƙƙin ƙaramar 'yarta a ciki." Babu wanda ya ga laifinsa. Ni kuma na san ko da an buɗe akwatin, da yatsanki ake buɗe wayar.

A bakin Babanmu na ji wannan ranar Alhamis da safe, yana faɗa wa Umma cewa bana sai dai a shuka tsohon iri. Sai maganarki ta dawo min, rabin da ban saurara ba. Na ɗauko littafin na sa a cikin hijabi. Sau biyu ina zuwa bakin ofis ina wucewa kamar an aike ni wani wuri, don maza sun cika barandar. A na uku na yi sallama, babu wanda ya ji. Na sake yi. Malam Shitu ya ce, "'Yar gidan wa ce?" Na miƙa masa littafin kawai. Wani ya yi dariya ya ce, "Malam, soyayya aka kawo maka."

Malam Shitu ya ɓalle ambulan. Takarda ɗaya ce, lambobi layi goma, irin waɗanda manhajar ke bayarwa don ranar da waya ta ɓata. A ƙasa da rubutun hannunki: "Baba, ka shiga da ɗaya ka soke ta da biro. Ka mayar da mataki na biyu kan wayarka, kada ka cire shi. Littafin na Muhsina ne." Ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce, "Ta faɗa min ajiya tana wajen mai littafi. Na ɗauka tsokana ce."

Kafin la'asar sunayen suka tafi. Kalmar sirri tana wajen Malam Shitu, takarda tana wajena, kuma babu wadda za ta yi aiki ba 'yar'uwarta. Sai a ranar na gane abin da kika tsara. Wani ma'aikaci ya ce tunda an sha wannan wahalar, a cire matakin nan kowa ya huta. Malam Shitu bai ko dube shi ba, ya ce, "Kwaɗo biyu ne."

Da yamma na kai wa Malam Ɗantani littafin don a sa a akwati, tunda kayanki ne. Aka karanta masa layin ƙarshe na takardar. Ya ce abin da kika bayar da ranki ba gado ba ne, in tafi da shi. Yana nan a ƙarƙashin matashina. Gurbin ambulan ya bar tabon gam a bango.

Allah Ya jiƙanki, Anti Fa'iza, Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa duk zangarniyar da za ta fito daga irin nan ta zame miki lada. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Ɗantani da iyalansa, da Yaya Mujitaba, da 'yarki Husna, da Malam Shitu da dukkan 'yan ƙungiya. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya Husna a kan amana irin taki. Mu kuma idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Muhsina Dikko, Tudun Wada